Kofuna Masu Gajeriyar Ƙafa

Mirna: Alo, Mama? Ina wuni?

Mama: Lafiya lau, 'yar nan. Ya Beirut? Ya maigidan naki, Sharbel?

Mirna: Yana gaishe ki. Ya Baba? Ya sanyin Zahle?

Mama: Da sauƙi. Babanki yana gonar inabi. Kin ci abinci kuwa? Muryarki ta masu yunwa ce.

Mirna: Na ci. Mama, ina shagon kayan gilashi, mai shagon ya tsare ni da ido, rufewa zai yi. Kofunan giya nake zaɓa na ranar Ista. Na samu wasu dogaye, ƙafar siririya kamar tsinke. In kin ƙwanƙwasa sai ki ji kamar ƙararrawar coci. Saurara!

Mama: Ni ban ji komai ba sai hon ɗin motoci. Babu gajeru masu kauri?

Mirna: Akwai, na yau da kullum, irin na gidan abinci. Amma surukata za ta zo. Kin san Odet, sai ta haska kofi a fitila kafin ta gaishe da mutum.

Mama: Bar ta ta haska. Sayi gajerun.

Mirna: Ikon Allah! Ke da kika kulle naki dogayen a kabad, ko ƙurarsu ba ki yarda mu goge ba?

Mama: Kuma wa ya amfana da su?

Mirna: Mama, wannan ne cin abincin Baba na farko a gidana. Zai kawo giyar da ya matsa da kansa, ya miƙe tsaye ya zuba wa kowa, ya ɗaga kofi ya sa albarka. So kike ya ɗaga tambulan?

Mama: Ya ce ma da wuya ya zo.

Mirna: Me?!

Mama: Wai hanya da nisa.

Mirna: Nisa? Mutumin da ke zuwa Beirut don almakashin aske inabi kawai? Sharbel ya yi masa wani abu ne?

Mama: Ba ruwan mijinki. Abin da ke... tun...

Mirna: Alo? Muryarki na yankewa. Matsa kusa da taga!

Mama: Hannunsa nake ce miki. Na dama. Rawa yake, tun lokacin tsinkar inabi. A bikin baftismar jikan maƙwabcinmu aka miƙa masa irin dogon kofin nan. Ya ɗaga, giya ta wanke masa farar riga. Kowa ya kau da kai, wai bai gani ba. Tun ranar a kicin yake sha, da hannu biyu.

Mirna: Wayyo Baba. Likita fa?

Mama: An je, yana shan magani. Ya rantsar da ni kada ki ji.

Mirna: To bari in saya masa gajere guda ɗaya.

Mama: Shi kaɗai? A gaban Odet? Gara ki ɗauko mai shela.

Mirna: Zubawar fa?

Mama: Ki sa Sharbel ya roƙe shi alfarmar zuba wa baƙi, a matsayin ɗa. Kuma rabi-rabi, kada a cika.

Mirna: Mai shago, mayar da dogayen nan. Gajerun za ka naɗe mini, na kowa da kowa. A'a, kada ka nuna mini wasu! Mama, kina ji na?

Mama: Ga babanki nan ya shigo. Eh, eh, sai ki ƙara lemon tsami, kada ki cika gishiri.

Mirna: Ce masa gajerun kofuna kawai na samu. Ce masa Odet za ta yi mini dariya, ba ni da mai tare mini.

Mama: Ka ji 'yarka! Wai kofunan gidan abinci ta kwaso, Odet za ta cinye ta ɗanya ranar Ista.

Mirna: Me ya ce?

Mama: Tsaya mana. Ya ce me Odet ta sani a kan giya, ita da ke saka mata ƙanƙara?

Mirna: Zai zo?

Mama: Wai in duba masa farar rigar nan, ko tabon ya fita...

Mirna: Alo? Mama? Alo!