Ku Koya wa Na'ura Ƙurar Dutsenmu

Mai girma shugaban taro, masu girma 'yan kwamitin da ke raba kuɗin bincike, likitoci da malaman jami'a, iyayenmu fastoci da limamai, iyayena mata da iyayena maza da kuka cika wannan zaure na Rayfield, ina gaishe ku baki ɗaya, sannunku da zuwa.

Sunana Loyis Rwang. Bara na gama firamare. Ban taɓa tsayawa a gaban jama'a haka ba, ko a coci kujerar baya nake nema, don haka idan muryata ta yi ƙasa ku yi haƙuri da ni. Ina gode wa shugaba da ya ba ni izini, ina kuma gode wa Dakta Somkene, likitar huhu, wadda ta zo har gida ta roƙi Babana ya bar ni in zo. Zan fara da Mamana da ta rasu, amma saboda yayata Magadaliya na zo, domin tana raye, kuma an raba ta da jaririnta.

Mamana Firisila fasa dutse take yi a bayan gari, wajen da tifa ke zuwa ɗaukar tsakuwa. Da guduma ta ciyar da mu, da guduma ta sa mu a makaranta. In ta dawo da yamma girarta fara fat, mu yi ta dariya muna cewa kaka ta zo. Tari ya daɗe a jikinta, amma duk matan wajen suna tari, ba wanda ya ɗauke shi ciwo.

Wata rana motar gwaji ta zo unguwarmu, ana ɗaukar hoton ƙirji kyauta. Babu likita a motar. Akwai na'ura mai karanta hoto, irin wadda na ji kuna kira ƙirƙirarriyar basira. Ta duba hoton Mama ta ce akwai alamar tarin tibi. An gwada kakinta ba a ga komai ba, amma aka ce tunda hoto ya nuna a fara magani, kada a yi sake.

Daga ranar aka ware mata kofi da kwano, kamar yadda ake yi wa mai tibi. Aka mayar da ita ƙaramin ɗaki. Matan zumunta na coci suka ce ta huta da zuwa waƙa tukuna. Ita da kanta take korar mu, in na matso ta ce, "Loyis, tsaya a ƙofa, daga nan ma ina ganinki." A ƙofa nake tsayawa in ba ta labarin makaranta. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Mama Talatu daga Gangare, wadda suke fasa dutse tare. Takan zo da gwate ta zauna a kan gadon, su ci a kwano ɗaya. In Mama ta hana ta sai ta ce, "Firisila, rufe mini baki. Ƙurar da muka sha tare ba ta kashe ni ba, sai cokalinki?"

Mama ta shanye maganin nan duka, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Ya sa ta amai, ya sa idonta ya yi rawaya, tarin bai tafi ba. Sai da numfashi ya fara gagarar ta aka kai ta wurin Dakta Somkene. Dakta ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi, ta ce wace sana'a take yi. Ta ce mana wannan ba tibi ba ne, ƙurar dutse ce ta taru a huhu, kuma ba a ɗauka. Ba a ɗauka, iyayena. Duk tsayuwar da muka yi a ƙofa, da mun shiga. Mama ba ta daɗe ba bayan haka.

Ban zo kai ƙarar na'ura ba. Dakta ta yi mini bayani cewa na'urar kamar ɗaliba ce, abin da aka nuna mata shi ta sani. An nuna mata hotunan masu tibi masu yawa, daga wurare masu nisa, amma ba a nuna mata ƙirjin mace mai fasa dutse a Filato ba. Da ta ga tabo sai ta faɗi sunan da ta sani. Kuma ta ceci mutane da yawa masu tibi na gaske, har a layinmu.

Yanzu in zo kan Magadaliya. Tun tana ƙarama take bin Mama wajen dutse. Ta yi aure ta haifi namiji, sunansa Pam. Da ta fara tari, takardar na'ura ta faɗi abin da ta faɗa a kan Mama. Surukarta ta ɗauke yaron ta kai shi gidanta. Dakta ta duba Magadaliya, ta yi duk gwajin da ake yi, ta ce ƙura ce, a mayar mata da ɗanta. Tsohuwar ta ƙi. Ta ce, "Likita mutum ce, tana jin tausayi. Na'ura ba ta san kowa ba. Ran da na'ura ta ce babu, ku zo ku ɗauke shi." Ba muguwa ba ce, jikanta take ji wa tsoro. Fasto ya yi magana, Babana ya yi magana, ta ce ta ji amma ba ta yarda ba. Magadaliya takan je ta tsaya a bayan katanga ta leƙa shi. Ya fara zama, a wurin maƙwabta ta ji.

Dakta Somkene da abokan aikinta sun fara koya wa na'urar bambancin ƙura da tibi, kuma an ce kuɗin aikin zai ƙare a ƙarshen shekara. Shi ya sa nake roƙonku.

Roƙona na farko, kada ku bar aikin ya tsaya a tsakiya. Ban san yawan kuɗin ba, ban kuma san sauran ayyukan da ke gabanku ba, na tabbata su ma masu kyau ne. Abin da na sani, likitocin huhu kaɗan ne, ba za su kai kowane ƙauye ba, motar kuwa tana kaiwa. Idan motar za ta je inda likita ba ya zuwa, to ta je da sanin mutanen da za ta tarar.

Na biyu, a koya mata ta yi tambaya kafin ta yanke. Ta san aikin mutum, ta san shekarun da ya yi a ciki, domin kowa ya sami maganin ciwonsa, kada a haɗa duk mai tari a kan ƙwaya ɗaya. In hotuna ake nema, matan wajen dutse sun ce a zo. Mama Talatu ta ce a fara da ita, wai tunda ba a taɓa ɗaukar hoton fuskarta ba, ko haƙarƙarinta ne ya shiga gari.

Iyayena, ba zan ce muku kuɗinku zai warkar da yayata ba. Dakta ta gaya mana gaskiya, ƙurar da ta shiga ba ta fita, sai dai a lallaɓa numfashi. Ta kuma ce ko kun amince a yau, aikin zai ɗauki lokaci, wataƙila Pam ya fara tafiya kafin nan. Na gaya wa Magadaliya haka. Ta ce ba komai, in dai da ƙafarsa zai zo wurinta, kuma ya same ta da rai.

Ubangiji Allah ya ba ku hikimar yanke abin da ya dace. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ta'azantar da duk gidan da ya yi rashi, ya ƙara wa likitocinmu ƙarfi. Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gode.