Waƙoƙin Inna da manhajar da ta leƙa gidanmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hauwa'u, tela daga Bahindi.

Mahaifiyata daga Jamhuriyar Benin aka auro ta. Tun da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gida, ba abin da ke sanyaya mata rai kamar tsofaffin waƙoƙin yarensu na Dendi. Wata ƙawata ta turo mani manhajar da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta, a ciki na same su. Da manhajar ta nemi izinin shiga hotuna da lambobi da makirfo, na yi ta danna "na yarda", don Inna na zaune tana jira.

Bayan 'yan makonni kawuna ya kira daga Benin, ya ce, "Hauwa'u, yaushe kika fara tura wa mutane hoton ɗiyarki da saƙon talla?" Wallahi ban tura ba. Mai gyaran waya a Bagudo ya ce manhajar ce ke kwashe abin da ke cikin wayar, har hirarmu ta tsakar gida tana iya naɗa. Ya goge ta, waƙoƙin suka tafi da ita.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Bar su. Zan rera maki da bakina."

Tana rerawa kuwa, amma muryarta ta yi rauni. Malam, nan gaba duk mai son waƙar garinsu sai ya buɗe wa baƙo sirrin gidansa? Masana su ba mu shawara, ina zan samo wa Inna waƙoƙinta cikin aminci?