Tawa Bizar Ta Fito, Ta Yayana Ba Ta Fito Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki. Ni likita ce daga Gwale, don Allah a sakaya sunana.

Lasisin aiki a ƙasar waje nake nema. Na ci jarrabawar farko ta Ingila a nan gida, amma ta biyu dole sai an je can. Baba ya ce, "Na yarda, amma ba ki fita ƙasar nan sai da muharrami." Muka nemi biza ni da yayana. Aka ba ni, shi aka hana shi, har sau biyu.

Sai Baba ya ce in koma ta Saudiyya, tunda ita ana iya rubuta jarrabawarta a nan. Su kuma shekarun aiki suke nema, nawa ba su kai ba. Kafin su kai, wa'adin sakamakona na Ingila zai wuce, duk karatun da na sha ya tashi a banza.

Wallahi ba zan saɓa wa Baba ba. Malamai da likitoci, ku ba ni shawara. Fasfona yana cikin durowar Baba, bizar ciki kuwa saura mata sati biyar.