Mai Garin Ya Tafi La'asar

"Ba zan kai harin ba," in ji wata budurwa, idonta kan wasan yaƙi a wani kafen intanet na Agege.

Saurayin da ke jiran kujerarta ya leƙo. "Haba 'yar'uwa, shugaban rundunarku ne fa ya umarta! Garin abokin gabar taku babu tsaro."

"Mai garin salla ya tafi. Ya rubuto mini: na tafi la'asar, amana."

"Kin taɓa ganinsa? Ƙila Bature ne."

"Baturen da ya san la'asar?"

"Wasa ne fa, Hajiya."

"To malam, in ka fita alwala, wa zai tsare maka layi?"

"Ke mana."

"Ashe ka sani."

"Za su kore ki daga rundunar."

"Sun riga sun kora. Garin da na gina tun azumi, ga shi can suna ƙonawa."