Laka a Ƙarƙashin Kwano

"Umma, me ya ci wuyan jaririn nan?"

Suwaibatu ta zunguri 'yarta. A tashar Ƙanƙara ne, ana jiran motar Faskari ta cika. Uwar jaririn ta gyara goyo.

"Ƙyale ta, baiwar Allah, ƙurajen zafi ne. Da a tsakar gida muke kwana. Yanzu tsoron 'yan bindiga ya kora mu ɗaki, kwano yana gasa mu."

"Nawa yaran ma haka suka yi bara. Na kafe sai da maigida ya sa aka yi mana rufin azara da laka a ƙarƙashin kwanon, aka huda tagogi can sama."

"Laka? Ana ci gaba, ke kina komawa ƙauye?"

"Haka dangin miji suka ce. Yanzu da azahar duk a ɗakina suke baje tabarma, har surukata mai dariyar. Dubi wuyan wannan, sumul!"

Matar ta duba, ta sake dubawa. "Wane magini ya yi muku?"

Ke mai 'ya'ya, kada dariyar mutane ta zaɓa miki rufi. Idan bazara ta kama, ba su za su kwana da kukan ɗanki ba.