Yadda Na Kusa Kashe Muryar Saratu

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ni ne dattijon da ke gyangyaɗi a benci na biyu. Yau idona biyu.

Shekaru na yi ina tsaron ƙofar ruwa a Bakolori. Karatuna aji huɗu ne, na huɗun ma rabinsa a gona na yi shi. Amma ɗiyata Rahila, mai koyarwa a Bakura, ta ba ni kwamfuta, sai na fara jin kaina injiniya.

A ciki ta yi mini wani akwati mai kalmar sirri, inda muka adana muryar marigayiya matata Saratu, waƙoƙinta da hirarta. Akwatin ya cika. Rahila ta ce kada in taɓa sai ta zo.

Na taɓa.

Na ƙara masa girma yana buɗe. Wajen akwatin ya faɗaɗa, ciki na nan a cike. Na yi ta danne-danne har ya rufe, ya ƙi buɗuwa. Kalmar sirri daidai, ƙofa gam!

Kwana uku ban zauna wuri ɗaya ba. In fita, in dawo, in danna. Na je Mafara wurin mai gyara, ya ce abin da aka kulle haka ba ya ɓalluwa. Rahila ta kira, na ce mata lafiya lau. Dattijon ikilisiya da ƙarya!

Na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, ka ɗauke ta sau ɗaya, kada hannuna ya ɗauke ta na biyu." Nan na tuna, ban taɓa barin a faɗaɗa magudana ruwa na gudu ba. Rufe ƙofa ake yi tukuna. Na ga girman kaina tsirara.

Na kira Rahila na faɗi gaskiya. Ta ce, "Baba, don na san ka, na ajiye kwafi a filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, cikin jakar littafin waƙoƙin Mama."

Ta zo ta maido da akwatin daga kwafin, ta rufe shi, ta faɗaɗa waje, sannan ciki. Muryar farko da ta fito, Saratu ce tana dariya: "Malam, aje abin nan, ba ka iya ba."

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ku kuma yi kwafi.