Ɓarawon Wuta

A shagon mai gyara, wata mata da ta kawo talabijin tana jira kusa da wani dattijo mai tsohuwar fanka.

"'Yata, waɗannan na zamanin ko a kashe suna shan wuta. Ba kya ganin 'yar jar fitilar nan?"

"Ko a kashe, Baba?"

"Shi da dikoda duka. Fankata kuwa, da na murɗa, shi ke nan."

"Innalillahi! Mun yi tafiyar wata biyu, muka dawo wutar mita ta ragu!"

"Kin zare su daga soket?"

"Ina! Wayyo, maƙwabciyata! A gaban mutane na ce ita ta ja mana waya. Har kuka ta yi tana rantsuwa. Shekara guda ba ma gaisawa."

"To ga ɓarawon nan kin rungumo kin kawo shi gyara."